Daga Juji Zuwa Lambu: Gidauniyar Aga Khan da Unguwar Darbul Ahmar

Duk ɗalibin da ya yi zaman karatu a Azhar kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya san tudun Darrasa. Tsibin shara ne da ɓaraguzai a gabashin tsohon birnin Alƙahira, wanda aka shafe kimanin shekara 500 ana jibgawa, iska tana kwaso ƙurarsa tana watsa wa mutanen unguwar Darbul Ahmar. Yau lambu ne mai faɗin hekta 30, kuma a 2025 ya cika shekara 20 da buɗewa. A shekarar ce kuma, ranar 4 ga Fabrairu, Karim Aga Khan, wanda ya assasa aikin, ya rasu a Lisbon. Ya dace a tuna yadda aka faro.

Tun 1977 Aga Khan ya kafa lambar yabo ta fasahar gine-gine, saboda takaicin yadda biranen Musulmi ke rushe gadonsu suna kwaikwayon na wasu. A 1984 aka yi wani taro a Alƙahira kan bunƙasar birnin, inda ya yi alkawarin ba mutanensa kyautar lambu. Yana da dalili: kakanninsa Faɗimiyyawa ne suka kafa birnin a 969, suka kuma gina masallacin Azhar. A 1988 aka kafa Gidauniyar Aga Khan ta Raya Al'adu a birnin Janeba, a 1992 ta buɗe sashen kula da tsofaffin birane, alkawarin lambun ya hau wuyanta.

An ɗan jima kafin a sa hannu, domin hukuma ta riga ta tsara binne manyan tankunan ruwa uku a cikin tudun. Sannu ba ta hana zuwa. Da aka fara kwashe juji, sai ga abin da ya sauya fuskar aikin gaba ɗaya: ganuwar dutse ta zamanin Salahuddinil Ayyubi, wadda aka fara ginawa a 1176, ta bayyana da hasumiyoyinta da ƙofofinta, tsawon wajen kilomita ɗaya da rabi. Sharar da ta binne ta ita ce ta adana ta.

A bayan ganuwar kuwa akwai Darbul Ahmar, unguwar talakawa masu sana'ar hannu, kafintoci da maɗinka da masu sassaƙa, mai cike da masallatai da makarantun zamanin Mamalik. Girgizar ƙasa ta 1992 ta tsattsage gidajenta, wasunsu ma a jikin ganuwar suke jingine. Hanya mai sauƙi ita ce a tashi mutanen, a rushe gidajen, a bar wa masu yawon buɗe ido fili. Gidauniyar ta ƙi. Ta dage cewa unguwa ba duwatsu ba ce kawai, mutanenta su ne ranta.

Wannan shi ne zamanin da ya fi cancantar alfahari. An ɗauki samarin unguwar aka koya musu sassaƙar dutse, da kwaɓa farar ƙasa, da aikin katako irin na dā, suka gyara ganuwar da hannunsu suna karɓar albashi. An ba magidanta rance da tallafi suka gyara gidajensu ba tare da sun bar unguwa ba. Wata tsohuwar makaranta a Darb Shuglan ta zama cibiyar jama'a. Hasumiyar makarantar Ummus Sulɗan Sha'aban, ginin 1369, da ta masallacin Khayrbak, waɗanda girgizar ƙasa ta fille wa kai tun 1884, aka mayar musu da kawunansu. A 2005 aka buɗe Lambun Azhar, bayan an kashe kimanin dala miliyan 30.

Juyin juya halin Masar na 2011 ya rage wa aikin sauri, wasu kuma suka yi amfani da ruɗanin suka cusa dogayen benaye a tsakanin tsofaffin gidaje. Wannan guguwa ce da ta shafi ƙasar baki ɗaya, ba ta kuma hana a kammala gyaran masallacin Aƙsunƙur, mai shuɗin tayil, a 2015 ba.

Mu ma aikin ya taɓo mu. A 1986 lambar yabon gine-ginen ta je ga masallacin Yaama da ke jihar Tawa a Nijar, ginin ƙasa na magini Falke Barmu. Gidauniyar ta kuma gyara manyan masallatan ƙasa na Mopti da Jenne da Tumbuktu, tare da maginan garuruwan. Wanda ya ga yadda damina da masu neman fili ke cin badalar Kano zai gane darajar irin wannan gidauniya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami mai adana ta. Darasin Darbul Ahmar shi ne a fara da magini da mai gida, a sa musu sana'a da jari a hannu, su za su riƙe ginin.