Masaƙun Kakuri, Simintin Obajana, Da Yadda Ake Auna Shugaban Ƙasa



Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakinmu, mu da neman abinci ya kawo Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, musamman idan zaɓe ya gabato. Maganar ita ce, wai da za a samu shugaban ƙasa nagari da ya tayar da masana'antun Kano da Kaduna, mu kuma mu tattara komatsanmu mu koma gida. Wannan ya ce wane ne ya kashe su, wancan ya ce a'a wane ne, alhali kowa da ma yana da wanda yake so da wanda yake ƙi tun kafin a soma musun. Ni dai a ganina, kafin mu yanke wa wani shugaba hukunci ya kamata mu san yadda masana'antun nan suka zo da kuma abin da ke riƙe da ransu, domin wanda bai san cutar da ta kashe majinyaci ba, ba shi da bakin cewa laifin likita ne.

Saƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Da Turawan mulkin mallaka suka zo sai suka juya akalar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanin BCGA ya kakkafa gidajen gurzar auduga a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, aka riƙa kwasar audugarmu zuwa Ingila, a saƙa ta a can, a dawo mana da ita akoko da alawayyo mu saya. Wannan ne abin da gwamnatin Sardauna ta so ta warware lokacin da ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957. Daga nan sai Nortex, sai Arewa Textiles wadda Japanawa ke da hannu a ciki, sai UNTL ta mutanen Hong Kong a 1964. A Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da kamfanoni na saƙa da jima da roba da alewa da tasoshi. A 1975 Peugeot ta soma haɗa motoci a Kaduna.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, a wancan zamani daga Kudu ake tafiya Arewa neman aikin kamfani. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, daga baya kuma gwamnan jihar Edo, a Arewa Textiles ya yi aiki yana matashi. Idan jiniya ta kaɗa a Kakuri masu aikin dare suka fito masu aikin safe suka shiga, za ka ga kekuna kamar an tashi daga Idi. Yau 'ya'yan waɗancan ma'aikata da jikokinsu su ne muke gani a nan suna acaba, har gwamnatin Legas ta hana su hawa manyan tituna da unguwanni da dama a 2020 da 2022, suna tura ruwa, suna gadi, suna yankan farce. Saboda haka wannan magana ba ta masana tattalin arziki ba ce kaɗai, tamu ce.

To me masaƙa take ci? Tana cin auduga. Tana cin wutar lantarki dare da rana, domin injin kaɗi idan wuta ta ɗauke zare ya tsinke, sai an ɓata lokaci da kaya kafin a sake ɗaura shi. Tana shan ruwa mai yawa, tana kuma shan baƙin mai wanda ake hura tukunyar tururi da shi don wanki da rini da busarwa, wanda kuma matatar mai ta Kaduna ce ke samar da shi bayan an buɗe ta a 1980. Sannan sinadaran rini da kayan gyaran inji duk daga waje suke zuwa, wato sai da Dala. Duk ɗayan waɗannan da ya yi tsada, sai ya fito a kuɗin yadi guda.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu gani. Kuɗin mai ya ja baya tun zamanin Shagari, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kamfanoni suka riƙa layin lasin shigo da kaya, haka aka ci gaba har mulkin soja na Buhari. Babangida ya kawo SAP a 1986. A 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya a farashin gwamnati, zuwa 1987 sai ka ba da kimanin Naira 4 kafin a ba ka Dala. A 1986 ɗin nan aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da mai tantance masa kaya. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce Babangida ne ya kashe masaƙu, amma tarihi bai tafi a miƙe haka ba. Faɗuwar Naira ta sa atamfar Nijeriya ta yi araha ga maƙwabta, har ta zama daga nan ake fitar da ita zuwa Nijar da Kamaru da Chadi, masaƙu da yawa suka ɗan farfaɗo. Wannan kasuwa ta raunana bayan an rage darajar Sefa da rabi a Janairun 1994. Sai Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, Sin ta shiga wannan ƙungiya a ƙarshen 2001. Ga NEPA ta zama abin da ta zama, ga matatar Kaduna yau aiki gobe babu. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta ba da jimawa ba, UNTL ta rufe a 2007.

Kenan a hannun Obasanjo gawar ta faɗi, shi ya sa da yawa daga cikinmu har gobe ba su yafe masa ba. Amma fa mai karatu ka lura da wani abu. Wannan Obasanjon shi ne a 2002 ya sake haramta shigo da atamfa, kuma a shekarar nan ce ya kawo tsarin da ya ce ba za a bai wa kowa lasin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina kamfanin siminti a cikin ƙasa. Shugaba ɗaya, makami kusan iri ɗaya, shekara ɗaya. Ƙasar da a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Apapa, ita ce daga baya ta gina Obajana a Kogi da Ibese a Ogun, aka faɗaɗa na Sakkwato, har ta daina dogaro da simintin waje. Masaƙu kuwa suka ci gaba da mutuwa da haramcin a kansu. Me ya raba su?

Nauyi ne ya raba su. Buhun siminti kilo 50 ne, kuɗinsa kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyinsa, ba wanda zai ɗauko shi daga Kwatano ya zagaya ta Maraɗi ya shigo da shi ta daji ya ci riba. Dole ya biyo ta tashar jirgin ruwa inda gwamnati ke iya tsayawa ta tare shi. Sannan dutsen da ake yin sa da shi yana nan a ƙasarmu, kuma masu kamfanin suka gina tashar wutarsu suka ja bututun gas ɗinsu, ba su jira NEPA ba. Yadi kuwa, dila ɗaya kuɗi ne masu yawa, ga shi ba ya ruɓewa. Kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome da sunan kayan Nijar, ta haura Arewa, ta shigo ta iyakar Katsina ko Jigawa ko Sakkwato, washegari tana Kantin Kwari. Abin da haramcin ya yi kawai shi ne ya ƙara kuɗin da ake ajiyewa a shingayen hanya.

A nan kuma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci. Ba Bayarabe ne ya riƙa ɗaukar samfurin atamfar Kaduna yana kai wa masaƙun Sin su kwaikwaya har da tambarinta ba. 'Yan kasuwarmu ne da yawansu, kuma mu muka saya muka sa wa matanmu a lefe don ta fi araha. Ban ce talaka ya yi laifi da ya sayi abin da aljihunsa zai iya ba. Amma rigingimun Kaduna na 2000 da 2002 su ma ba shugaban ƙasa ne ya kunna su ba, kuma mai kuɗin da ya ga gari na cin wuta ba ya sake kawo injinsa.

Daga nan shugabanni suka koma rabon kuɗi. An yi shelar Naira biliyan 70 a ƙarshen mulkin Obasanjo, aka mayar da ita biliyan 100 a zamanin 'Yar'aduwa, aka damƙa wa Bankin Masana'antu ya ba da rance. Da irin wannan kuɗi UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ke saƙa yadi da janareta yana gasa da wanda ke saƙawa da wutar gwamnati mai araha, in ka ba shi bashi ka ƙara masa kwanakin jinya ne kurum.

Buhari kuwa, wanda mu mazauna Kurmi muka yi wa ruwan ƙuri'u, wasunmu har suka yi tattaki gida don su zaɓe shi, ya yi alƙawarin tayar da masaƙu. A Maris 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi Dala a farashin gwamnati, a Agustan shekarar aka rufe iyakoki har zuwa Disambar 2020. Injinan gyaran shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, wannan ba a musunsa, ko da yake shinkafar ta yi tsada kuma bashin da aka bai wa manoma da yawa bai dawo ba. Kakuri dai tana nan yadda ya same ta. Abin da ya fi muni, a zamaninsa ne 'yan bindiga suka hana noma a ƙasashen Funtuwa da Gusau da Birnin Gwari, wato daidai inda auduga take. Idan aka auna shi da ma'aunin ƙauna ya ci, idan aka auna shi da kuɗin saƙa yadi guda a Kaduna bai ci ba. Amma akwai abu ɗaya da na ƙirga masa fiye da rufe iyaka, shi ne bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da ya ƙaddamar a 2020, duk da an sha sa ranar gamawa ana ɗagawa.

Dalilina kuwa yana nan kusa da mu. Duk wanda ya bi hanyar Agbara ko Ota ko ta Shagamu zai ga kamfanoni a jere. Ba don masu su sun fi son Yarabawa suka zo nan ba, cikinsu ma har da 'yan Kano, matatar man Ɗangote ai a Lekki take. Sun zo ne don tashar jirgin ruwa na kusa, bututun gas ya iso, masu saye kuma ga su jingim. Mai kamfani a Sharaɗa sai ya biya tirela ta kai masa kaya daga Apapa, tafiyar sama da kilomita 1,000, sannan ya sayi man dizil. Ko a nan Kudun ma ba a tsira ba, Michelin ta rufe a Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008.

Wani abin da ke sa auna shugaba ya yi wuya shi ne, mai shuka daban mai girbi daban. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a zamanin Jonathan aka yi yawancin aikinsa, Buhari ya buɗe shi a 2016. Madatsar Zungeru mai megawat 700 an soma ta a 2013, sai a 2023 aka gama. Ta Mambila kuwa tun muna yara ake maganarta, kowane shugaba ya zo ya ambace ta ya wuce. Saboda haka ni idan zan yi wa shugaba hisabi a kan masana'antu, ba na tambayar nawa ya raba ko me ya haramta, ina tambayar wane abu ya bari a ƙasa wanda zai rage wa mai kamfani kuɗin wuta da na dako, kuma wanda magajinsa ba zai iya soke shi da sanarwa ɗaya ba.

Shin za su dawo? Wasu za su iya, amma ba Kakurin 1980 ba. Injinan kaɗi da saƙa na zamani ba sa bukatar hannaye da yawa, ko an sake buɗe KTL gobe ba za ta ɗauki dubban da ta ɗauka a da ba. Inda hannaye suke shi ne ɗinki da takalma da sarrafa abinci, kuma abin da ya fi yiwuwa ya zauna a Arewa shi ne wanda kayan aikinsa ke can, kamar fata da shinkafa da riɗi da tumatir. Shi ma ba a sama yake ba: kamfanin tumatir na Kadawa da aka buɗe a 2016 ya sha tsayawa don bai samu tumatir isasshe a farashin da zai iya saye ba.

Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, ya saki Naira, a Oktoban shekarar aka ɗage hanin Dala da Babban Banki ya sa wa kayayyaki 43, har da yadi. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble ya ce ya daina ƙera kaya a Nijeriya, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar masu samun ta sa'o'i da yawa ya ninka fiye da sau uku. Mai kamfani dai ya ji a jikinsa. To amma a 2023 ɗin ne aka gyara tsarin mulki aka kuma sa hannu a dokar da ta bai wa jihohi ikon samar da wutarsu da tsara kasuwarta, a 2024 kuma aka buɗe tashar wuta mai zaman kanta a Aba don masu masana'antun garin. Wannan ya mayar da wani ɓangare na tambayar kan gwamnoninmu. Ita kanta KTL ai ba ta gwamnatin tarayya ba ce, mallakin jihohin Arewa 19 ce, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna zarya a kan haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.