Om Shanti Om: Fim ɗin 'Yan Cikon Benci

Duk wanda ya yi aikin fim ya san mutanen da ake tarawa a bayan jarumi: masu tafi a wurin biki, masu wucewa a kasuwa, waɗanda za su wuni a rana a lokeshan a sallame su da kuɗin mota. Daga cikinsu Farah Khan ta ɗauko jarumin Om Shanti Om, fim ɗinta na biyu, da ya fito a Nuwamban 2007. Shah Rukh Khan ne Om, ɗan cikon benci a Bambai ta shekarun 1970, mai begen tauraruwa Shantipriya, wato Shanti, daga nesa. Deepika Padukone ce ta hau wannan matsayi, kuma shi ne fim ɗinta na farko da harshen Hindi.

Farah ba baƙuwar wannan rayuwa ba ce. Mahaifinta, Kamran Khan, yana shirya ƙananan finafinan faɗa, sai wani fim nasa ya karye, arzikin gidan ya bi shi. Ita kuwa ta ƙofar rawa ta shigo masana'antar. Ita ta tsara rawar Pehla Nasha a 1992, ita ta ɗora Shah Rukh Khan a kan rufin jirgin ƙasa yana taka Chaiyya Chaiyya a Dil Se a 1998. Sai a 2004 ta zama darakta da Main Hoon Na.

A lokacin, masana'antar Indiya ta fara jin kunyar iyayenta. Finafinan da ake kira masala, irin Amar Akbar Anthony na Manmohan Desai a 1977, inda 'yan'uwa ke ɓacewa su haɗu, uwa ta makance ta warke, an soma yi musu kallon ƙauyanci. Daga Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995 labarai suka fara ƙaura zuwa Landan, sannan sababbin gidajen silima masu tsada suka kawo 'yan kallon da ke son abu mai ƙanshin Turai. Farah ta juya baya, ta koma rumbun da aka watsar.

Sunan fim ɗin ma daga wata waƙa ce ta Karz, na Subhash Ghai a 1980, kuma da ita aka buɗe shi, Om na cikin taro yana kallon Rishi Kapoor a kan dandamali. Wurin da Om ya faɗa gobara ya ceto Shanti ana tsakiyar ɗaukar fim, abu ne da ya faru da gaske: haka Sunil Dutt ya ceto Nargis a lokeshan ɗin Mother India, fim ɗin 1957 da iyayenmu suka sha kallo a silimun Kano. Ƙarshen labarin, inda fatalwar Shanti da aka kashe ta zo da kanta ta ɗau fansa, daga Madhumati na Bimal Roy ne, 1958. Ba ta ɓoye aron ba. So take ɗan kallo ya gane, ya taɓa na kusa da shi.

Mu da muka taso da kallon Indiya, muka kuma fara namu na bidiyo tun daga Turmin Danya a 1990, abin da ya fi kama mu shi ne yadda take sa waƙa ta ɗauki kaya. A wurinmu sau da yawa labari yakan tsaya cak, a je lambu a yi rawa, a dawo. A wurinta, waƙar ƙarshe, Dastaan-e-Om Shanti Om, ita ce tarkon da aka ɗana wa furodusa Mukesh, wanda Arjun Rampal ya fito a matsayinsa: a gabansa ake rera yadda ya kulle Shanti cikin wuta, shi kuma gumi na karyo masa. Cire waƙar, fim ya rushe. A Dhoom Taana kuwa, da kwamfuta aka shigar da Deepika cikin tsofaffin finafinai, tana rawa da Sunil Dutt da Rajesh Khanna da Jeetendra suna kan ƙuruciyarsu.

Ba ko'ina ta dace ba. Bayan Om ya mutu an sake haihuwarsa a gidan babban jarumi, sake haihuwar da dama ba aƙidarmu ba ce, a labari kawai muke karɓarta, fim ɗin ya ɗan yi sanyi. Waƙar Deewangi Deewangi da ta tara taurari 31, har da Dharmendra da Kanawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, biki ce mai daɗi, amma ba ta matsa da labarin ko taku ɗaya ba. Barkwancin da aka yi da tsohon jarumi Manoj Kumar ya wuce gona da iri, dattijon ya ji zafi, sai da aka ba shi haƙuri, kuma yana da gaskiya.

Da fim ya ƙare, a inda aka saba jero sunaye da ƙananan haruffa ana kunna fitila mutane na fita, Farah ta shimfiɗa jan kafet. Bayan jarumai, sai ga mai ɗaukar hoto, masu fitila, masu kwalliya, masu ɗinki, har da yaran aike na lokeshan, kowa na takowa kyamara na kansa. Ita ce ta zo a ƙarshe, cikin a-daidaita-sahu, ta tarar kowa ya watse ana naɗe kafet.