Inda Baƙo Yake Kwana a Ƙasarmu: Daga Zango zuwa Otal

A ƙasashen da ake noman inabi don yin giya akwai wata sana'a da ta tsiro a gefen gonakin. Mai gona a Bordo ta Faransa, ko a Franschhoek ta Afirka ta Kudu inda Faransawa 'yan gudun hijira suka sauka a 1688, sai ya gyara tsohon gidan kakanninsa, ya fitar da 'yan ɗakuna kaɗan, ya tsawwala musu kuɗi. Mutanen birni su zo su yi kwana biyu ko uku, su zaga lambu, su ci abin da aka dafa da amfanin wurin, su koma bakin aikinsu. Rabin kuɗin nan na ƙanƙantar wurin ne: mai gida ya san sunanka, ya san abin da ba ka ci, ya san wanda zai kai ka inda kake son gani.

Mu ma yanzu muna da ƙasar inabi. Duk wanda ya bi ta Hunkuyi ko Kudan da rani ya ga rumfunan waya da nonnan inabi a rataye. Namu na ci ne, ba a matse shi a yi giya, ba kuma mai neman a yi. Amma mai saye daga Kano ko Abuja da hantsi yake zuwa, a auna, a loda, kafin la'asar ya kama hanya. Idan dare ya yi masa, Zariya zai kwana. Abin nan yana damuna, don ni ɗan Paki ne, kuma saukar baƙo sana'a ce da ƙasar nan ta taɓa ƙwarewa a kai.

Muna bakin iyakar Zazzau da Kano, kuma hanyoyin da ke haɗa biranen biyu ta ƙasarmu suke ratsawa. A ƙarni na 19 tafiyar kusan mako ce ga mai jakuna. Ayari yana tafe da madugu da jagaba da uban dawaki, an labta wa dabbobi kanwa da turkuɗi da fatu za a yi kudu, ko an juyo da huhunan goro daga Gwanja. Ba a kwana a daji haka kawai, musamman a shekarun da Ningawa suke kawo hari gabashin Zazzau da kudancin Kano. Sai a nufi garin da ke da ganuwa da ruwa, a sauka a zango a bayan gari, a kafa bukkokin kara, a sauke mangala, a ɗaure dabbobi a turke. Kafin su gama shan iska 'yan mata sun fito da tallan fura da tuwo, samari da harawa da dusa da itace. Madugu kuma ya shiga gari ya yi gaisuwa a fada, ya biya abin da ake biya. Garin da yake da zango mai rai ba ya rasa kuɗi a hannun mata. Bebeji, da ke arewa da mu, ta rayu a kan wannan hanya, kuma can aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan fatake Agalawa.

Zango na taro ne. Falke mai ƙarfi, ko mai kayan da ke son a nema musu kasuwa a natse, gidan fatoma yake sauka, kuma a nan ne sana'ar take da zurfi. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Zai ba ka wurin kwana, matansa su dafa maka, ya adana maka kaya da kuɗi, ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani har a shirya. Idan bashi ne, shi zai lamunta, don shi ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi. Abin da yake samu la'ada ce a kan cinikin. Saboda haka jin daɗin baƙo shi ne jarinsa: falken da aka cuta sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma zai ba da labari a kowane zango har Salaga ta Gwanja. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda suka je. Masani Abner Cohen ya bayyana shi a littafinsa na 1969 a kan Sabo ta Ibadan, inda masu gidajen saukar baƙi suke riƙe da cinikin shanu da na goro gaba ɗaya.

Na tarar da guntun wannan a gidan kakana. Tsakanin zaure da shigifa akwai wani ɗaki da mu yara ba ma shiga sai an aike mu. A ciki akwai gado na kara, tabarma, buzu, buta, da tulu a kan gammo wanda ake sake wa ruwa kullum, ko da baƙo ko babu. Masu sayen barkono da mazarƙwaila su ne baƙinsa a lokacin. Idan wani ya yi sallama, kakana ba ya tambayar abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa, ya yi salla, an kawo akushi an ɗauke. Sannan ya ce, "To, Alhaji, ina aka fito? Yaya ka baro mutan gida?" Maganar ciniki sai da safe. Ni aikina kai ruwan wanka, kuma an ja mini kunne cewa ba a tsayawa kallon kayan baƙo, ba a kuma faɗa wa kowa a waje nawa ya zo da shi.

Zuwan Turawa ya kawo wani irin masauki dabam. Rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Bayan haka aka riƙa gina bariki a manyan garuruwa don Joji da sauran ma'aikata masu rangadi. A nesa da gari ake yin shi, kuma talakawa ke ginawa, su yi jinka, su kawo ruwa da itace da ƙwai da kaji ta hannun dagaci. Tsofaffinmu ba su taɓa ambaton bariki da daɗin baki ba, don baƙon da yake sauka can ba ya kawo ciniki, sai dai ya kawo aiki.

Abin da ya karya zango kuwa jirgin ƙasa ne. Layin Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, da tashoshi a Likoro da Gimi a nan yankinmu. Tafiyar mako ta koma ta yini. Daga baya mota ta zo ta ƙarasa, har aka tagwaita titin Kaduna zuwa Kano a zamanin Babangida. Mai wucewa ya tsaya Tashar Yari ya sayi rake ta taga, shi ke nan rabonmu da shi.

An taɓa gwada wurin hutawa na alfarma kusa da mu. A mulkin Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsar ruwa ta Tiga, aka gina otal na Bagauda a bakin tafkin Bagauda, da ɗakuna zagayayyu masu siffar ɗakunanmu na gargajiya, da kuma Rock Castle a Tiga. Tunanin mai kyau ne: mutumin birni ya fito ƙauye ya huta. Bagauda ta yi suna ƙwarai, amma ba ta ɗore a matsayin otal ba, yau makarantar horas da lauyoyi ce. A ganina abin da ta rasa shi ne abin da fatoma yake da shi, wato mai gida wanda cinsa da shansa suka rataya a kan baƙo ya dawo, da kuma sana'ar gari da ke jawo baƙon tun farko.

Sana'ar kam yanzu akwai ta. Inabi ba shuka ce ta malalaci ba. Sai an kafa turaku, an ja waya, an ɗora kurangar bisa rumfa, an datse rassa a kan lokaci don ta yi fure, an yi ban ruwa da taki, an yi yaƙi da tsuntsaye idan 'ya'ya suka fara nuna. Damina tana kawo mata cuta, shi ya sa na hunturu ya fi zaƙi da kyan gani. A daidai wannan lokaci ne kuma ake saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, doki yana zagaya injin matsa, ana dafa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri a zuba shi a kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Tumatir ya cika Ikara, garin da har kamfanin sarrafa shi aka gina. Yaran Kaduna da Kano da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan da idonsu ba, kuma iyayensu suna kashe kuɗi su kai su hutu nesa.

Ba na fatan a kawo mana katafaren bene. Abin da nake so shi ne wani mai lambu a Hunkuyi ko Kudan, ko wani ɗan Paki da Allah ya hore wa, ya gina 'yan ɗakuna masu tsabta a gefen gonarsa, da rijiyar burtsatse da wutar sola da masallaci da sashen iyali, ya sa mai gadi na gari don hankalin baƙo ya kwanta da dare. A dafa tuwon masara da miyar kuka da man shanu, a kawo fura da nonon rugar da ke kusa. Mai saye ya kwana, a yanka masa inabi da sanyin asuba kafin rana ta taɓa shi, mai gida ya tsaya masa a kan farashi da ma'auni, ya karɓi la'adarsa a fili. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ya kamata a fara gwadawa, lokacin da inabi da rake da tumatir suke haɗuwa a kasuwa.