Medulobilastoma

Medulobilastoma wani nau'in ciwon daji ne da ke tsirowa a ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke ƙeya wanda yake kula da daidaiton tafiya da motsin gaɓoɓi. Yana cikin cututtukan dajin ƙwaƙwalwa da suka fi kama yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 10, ko da yake manya ma kan kamu da shi. Yana girma da sauri, kuma yakan bi ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya yaɗu zuwa laka.

Tarihi

Likitocin Amurka Percival Bailey da Harvey Cushing ne suka raɗa masa suna a 1925. Sun yi zaton yana fitowa daga wani tantanin halitta na ɗan tayi da suka kira medulobilas. Ba a taɓa gano wannan tantani ba, amma bincike ya tabbatar da tushen hasashensu: cutar tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa.

Asali

Yayin da ɗan tayi ke girma, tantanan tushe suna rarrabuwa su haifi tantanan jijiya, sannan su daina. Idan ƙwayoyin gado masu ba da umarnin tsayawa suka samu tangarɗa, tantanin zai ci gaba da ninkuwa ba tare da ya balaga ba, har ya zama ƙari.

A 2003, ayarin Peter Dirks a Toronto da ke Kanada ya ware wasu tantanai masu ɗauke da alamar CD133 daga ƙarin ƙwaƙwalwa, har da medulobilastoma, masu iya sabunta kansu kamar tantanan tushe. A 2004 sun nuna cewa kaɗan daga cikinsu sun isa su haifar da ƙari a ƙwaƙwalwar ɓera. Ana ganin irin waɗannan tantanai na cikin dalilan da kan sa cutar ta dawo bayan magani.

Rukunai

A 2012 masana suka amince da raba cutar gida huɗu:

WNT: shi ne mafi ƙaranci, kimanin kashi 10 cikin 100. Asalinsa bayan sashen ƙwaƙwalwa ne da ke haɗa ta da laka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ke da shi suna rayuwa.

SHH: yana fitowa daga tantanan da ke haifar da ƙananan jijiyoyin ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ya fi yawa a jarirai da manya.

Rukuni na 3: ya fi tsanani, sau da yawa ana samun ƙaruwar ƙwayar gado ta MYC a cikinsa.

Rukuni na 4: shi ne mafi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan tsari cikin jadawalinta a 2016.

Alamomi da magani

Ƙarin yakan toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, sai a ga ciwon kai da amai musamman da safe, tangaɗi wajen tafiya, da ganin abu bibbiyu. Ana gano shi da hoton MRI.

Magani ya haɗa da tiyata, gashin ƙwaƙwalwa da laka da haske, da magungunan kashe daji. Likitoci kan guje wa gashi ga yara 'yan ƙasa da shekara 3 saboda yana cutar da ƙwaƙwalwa mai tasowa. Sanin rukunin cutar yana taimakawa wajen tantance wanda za a sassauta wa magani da wanda za a ƙarfafa masa.