Alhazan ƙafa a kan Bahar Maliya

A ajinmu na yaƙi da jahilci, ranar da muka koyi rubuta kalmar teku, wani dattijo ya ce mini: "Malam, ruwan nan ya fi Gulbin Maraɗi in ya kawo?" Aka yi ta dariya. Amma tambayarsa tana kan hanya. Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da tabki, sai gulbi mai zuwa da damina ya ƙafe da rani. Duk da haka akwai kakanninmu da suka hau teku. Aikin hajji ya kai su.

Kafin jirgin sama, da ƙafa ake zuwa Makka, ko bisa jaki. Mutum ya sallami dangi kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Barno, ya shiga Wadai, ya wuce Darfur, har ƙasar Sudan. In guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙwadago. Da yawa sun yada zango a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga 1925 kuma aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, Hausawa suka riƙa tsinkar kaɗa a can suna tara kuɗin jirgi. Wani ya shekara 3 a hanya, wani 7. Wani ma can ya yi aure ya zauna.

Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohon gari a bakin Bahar Maliya. Daga nan zuwa Jidda kusan kilomita 300 ne, kamar daga Gidan Rumji zuwa Damagaram. Amma duk ruwa ne. Ba ƙauye, ba inuwar gawo, ba inda za a ce salamu alaikum a roƙi ruwan sha.

A zamanin Turawa akwai jirgin hayaƙi mai jigilar alhazai. Sai dai yana son takardu, da allurar rigakafi, da kuɗi mai yawa. Talaka wanda bai da su yakan nemi jirgin iska, wanda Larabawa ke kira sambuk. Sau da yawa da dare ake shiga, a ɓoye, nesa da idon hukuma.

A wancan zamani sambuk jirgin katako ne, ba inji. Yana da dogon itace tsaye a tsakiya, an rataya masa babban ƙyalle mai kusurwa uku. Ƙyallen nan shi ne filafili. Iska ta cika shi, jirgi ya tafi. Iska ta tsaya, jirgi ya tsaya. Wani malami mutumin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare wannan teku a shekarar 1183, ya rubuta abin da ya gani. A zamaninsa ko ƙusa guda babu a jikin jiragen. Ɗinke katakon ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a shafe shi da mai. Filafilin kuwa saƙa shi ake yi da ganyen goriba. Ku ji fa! Kabar nan da matanmu ke saƙa tabarma da ita, wadda Gulbin Kaba ya ci sunanta, ita ce ta riƙa kai alhazai Jidda. Ya kuma ba da labarin yadda masu jirgi ke cusa mutane kamar kaji a akurki, don kwaɗayin kuɗi. Bayan shekara 700 an koma buga ƙusa, filafili ya zama na auduga, amma cunkoson bai sake ba.

To, yaya ake wuni a ciki?

Kowa da ɗan wurinsa bisa kaya, inda zai zauna ya naɗe ƙafa. Mata da yara ana ware musu gefe, a tare da tabarma. Ɗaki babu. Rana ta fito, kanka take. Bahar Maliya kuwa tana cikin tekunan da suka fi zafi a duniya. Mai dabara ya kafa mayafinsa ya yi ƴar inuwa. Ranar farko galibi ba mai marmarin abinci. Jirgi na hawa yana sauka, kai na juyawa, ga amai ko'ina. Namijin da ya taka Darfur da ƙafa sai ka gan shi kwance kamar tsumma.

Murhu guda ne, akwatin katako da aka cika da rairayi don kada wuta ta kama jirgi. A nan ma'aikatan jirgi ke dafa shayi da ɗan abincinsu. Alhazai kuwa kowa da guzurinsa: garin dawa, dabino, busasshen waina irin na Sudan. In an yi sa'a wani ya jefa ƙugiya ya kamo kifi. Makewayi shi ne wani ɗan akwati mai rami da aka rataya a bayan jirgi, bisa ruwa. Ga mutumin da ya tashi da kunya, wannan ma jarrabawa ce.

Babban al'amari shi ne ruwan sha. Ruwa ya kewaye ka, gabas da yamma, amma ba ya shawuwa. A lita guda akwai gishiri wajen giram 40, wato babban cokali 2. Wanda ya sha, ƙishinsa ƙaruwa zai yi. Saboda haka a salka da tulu ake ɗauko ruwan daɗi daga tudu. Shugaban jirgi, wanda ake kira nahuda, shi ke da iko da shi. Awo ake yi, safe da maraice. Mu da muka san jiran layi a bakin rijiya mai gaba 30 cikin bazara, mun san yadda zuciya ke ƙuntata a kan ruwa. Amma mu in rijiyarmu ta ƙafe, akwai ta maƙwabta.

Alwala dai ba ta da wuya, don malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne. A zura guga a ɗebo. Salla kuma yadda ta samu, in tsayuwa ta gagara a yi ta zaune. Alƙibla ce ke ba mutane mamaki. Tun suna yara gabas suke fuskanta. A nan kuwa ta karkata arewa maso gabas, kuma jirgi na juyawa, sai an tambayi nahuda.

Ma'aikatan jirgi ba su da hutu. Ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako, kullum ana kwarfe shi. Kusa da gaɓa akwai duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi, suna iya farke cikin jirgi. Sai yaro ya hau bisa itacen filafili yana duban launin ruwa. Inda ya yi shuɗi ƙwarai akwai zurfi, inda ya yi haske akwai dutse. Shi ya sa in dare ya yi a irin wannan wuri, tsayawa ake yi sai gari ya waye. A tsakiyar teku kuwa ana tafiya da dare, nahuda yana duban taurari, kamar yadda madugu ke yi a hanyar Bilma.

In iska ta yi kyau, kwana 2 ko 3 an ƙetare. Amma iskar wannan teku ta fi busowa daga arewa, Jidda kuma tana arewa maso gabas da Sawakin. Sai jirgi ya yi ta kai da komowa. Ibn Jubair kwana 8 ya yi bisa ruwa. Wani lokaci iska ta ɗauke ɗif. Filafili ya saki jiki, ruwa ya kwanta kamar faranti, salka tana ta raguwa. Nan ne tsofaffi da jarirai ke galabaita. Wanda ya cika, in tudu na da nisa, a yi masa wanka da likkafani, a sallace shi, a ɗaura masa abu mai nauyi, a saka shi cikin ruwa. Dangi a gida ba su ji ba, sai bayan shekaru in wani ya komo da labari.

Akwai kuma sharrin mutum. Tunda a ɓoye aka shiga, ba wanda ya rubuta sunan kowa. Wasu masu jirgi sun sauke alhazai can kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza, tafiyar kwanaki daga Makka. Wasu an yashe su a gaɓar da ba kowa. Akwai waɗanda aka sayar bayi, musamman yara, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. A ganina wannan ya fi guguwa muni, domin mutumin ya biya kuɗinsa da gumin shekaru, ya ba da amana.

Waɗanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo, sukan ƙetare lafiya.  Can sai a hango duwatsun Hijaz, sannan fararen gidajen Jidda. Da sauka, ƙafa takan yi rawa, ƙasa kamar tana lilo. Mutum ya zauna ya sha ruwa ya ƙoshi. Daga nan saura kilomita 70 da ƴan kai zuwa Makka. Ya ɗauki ƙunshinsa da sandarsa, kwana 2 ya isa.