Amsoshin Tambayoyinku: Garuruwan Amurka Masu Ƙarewa da "Kill"

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Kumasi ya rubuto yana cewa ƙanensa ya koma wani gari a jihar New York wai shi Peekskill, kusa da wani kuma Fishkill. Da yake "kill" kisa ne a Turanci, tsohuwarsu ta kasa barci. Shin kashe mutane ake yi a can?

AMSA: To Malam, gaishe ka, kuma a ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Rashin sani ya fi dare duhu. Wannan "kill" ɗin daga harshen mutanen Holan ta fito, ma'anarta rafi ko ƙorama.

Ga yadda abin ya faro. A 1609 wani Bature ɗan Ingila, Henry Hudson, yana yi wa wani kamfanin Holan aiki, ya shiga kogin da yanzu ake kira da sunansa. Bayansa sai fataken Holan suka biyo, suna sayen fatu a hannun 'yan asalin ƙasar. Suka kafa gari a tsibirin Manhattan, suka raɗa masa New Amsterdam, wato Sabuwar Amsterdam. A 1664 Ingilishi suka zo da jiragen yaƙi, gwamna Peter Stuyvesant ya miƙa wuya, aka mai da sunan New York. Mulki ya tafi, amma sunaye suka zauna daram.

Saboda haka Fishkill, rafin kifi ke nan. Peekskill kuwa rafin Jan Peeck ne, wani ɗan kasuwa da ya yi ciniki a wurin. Har a Philadelphia akwai kogin Schuylkill, wato ɓoyayyen rafi.

Ka san baƙo kan taho da sunan garinsu a baki. Brooklyn daga ƙauyen Breukelen na Holan aka samo shi, Harlem da aka kafa a 1658 daga birnin Haarlem, Flushing kuma daga Vlissingen. Unguwar Bowery gona ake nufi. Shi kuwa Manhattan suna ne na ƙabilar Lenape, waɗanda aka tarar a wurin, daga bisani aka raba su da ƙasarsu.

Kuma ba ku kaɗai kuka ruɗe ba. A 1996 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta nemi a sauya sunan Fishkill, wai yana nuna wa kifi mugunta. Hukumar garin ta ce atafau, tarihinsu ne, ba za a taɓa shi ba.

To Malam, da fatan ka gamsu. A gaida Hajiya, a kuma ci gaba da rubuto mana.