Harsuna 250, Rikici a Kan Biyu: Gadon Mulkin Mallaka a Kamaru

An saba cewa yawan ƙabilu ne ke hana ƙasashen Afirka zama lafiya. Tarihin Kamaru bai goyi bayan wannan magana ba. Harsunan ƙasar sun kai kimanin 250, daga Fulatanci da Larabcin Shuwa a arewa, zuwa Bamileke da Bamun a kan tuddai, da Duwala da Ewondo a kudu. Amma yaƙin da ya ɓarke a 2017 bai bi layin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya bi layin Ingilishi da Faransanci, harsuna biyu da suka sauka a jirgin ruwa. A ganina abin da ya raba mutanen Kamaru shi ne kotu da makaranta da ofis da Turawa biyu suka bari, kowanne da tsarinsa.

Jamus ce ta fara zuwa. A Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya, Gustav Nachtigal ya kafa tuta. Tun kafin sojan Jamus ya taka arewa an riga an raba Fombina a takarda, daular da Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu. Lamido Zubairu ya wayi gari fadarsa ta Yola tana kason Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundare suna kason Jamus. Ingila ta ci Yola a 1901, Zubairu ya nufi Marwa, can ma Jamusawa suka karya shi a 1902.

Rabon da ya fi barin tabo ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sansanin Jamus na ƙarshe, a kan dutsen Mora, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, kuma a 1919 Milner na Ingila da Simon na Faransa suka tabbatar da iyaka. Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta samu zirin ƙasa a gefen Najeriya. Layin ya ratsa tsakanin dangi: Bakweri na Buya 'yan'uwan Duwala ne, masarautun Bamenda kuma tushensu ɗaya da na Bamileke da Bamun. Shekara arba'in ɓangaren Ingila yana kashe sule, yana shari'a da dokar Ingila, ana mulkinsa ta hannun sarakuna. Na Faransa kuwa yana kashe faran, yana fama da aikin tilas da kwamandan da ke ɗaure mutum ba tare da alƙali ba. Sarki Njoya na Bamun, wanda ya ƙirƙiro wa harshensa haruffa, Faransa ta tuɓe masa iko, ya rasu a Yawunde a 1933 nesa da fadarsa.

Ƙuri'ar raba gardama da aka kaɗa a kason Ingila ranar 11 ga Fabrairu 1961 ita ce hujjata mafi ƙarfi. Zirin arewa, inda Mubi da Bama da Ganye suke, ya zaɓi Najeriya da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Shi ma cike yake da ƙabilu, Margi da Camba da Kanuri da Fulani, amma dama daga Yola da Maiduguri ake gudanar da shi, saboda haka alƙali bai canza ba, malamin makaranta bai canza ba. Zirin kudu ya zaɓi Kamaru da kimanin kashi 70, bisa alkawarin tarayya. Shugaba Ahmadu Ahijo ya soke tarayyar a 1972, aka mayar da komai Yawunde, kuma Yawunde da Faransanci take tunani.

Za a iya cewa ai ana rikicin ƙabilanci a Kamaru, kuma gaskiya ne. Larabawan Shuwa da Musgum sun gwabza a Kuseri a 2021, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Sai dai wannan faɗan ruwa ne da makiyaya, wanda ƙarancin ruwa ya hura, kuma babu wanda ya ɗaga tutar sabuwar ƙasa a kansa.

Rikicin Bamenda, wanda ya kai ga yaƙin 2017, daban ne, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙantar abin da aka fara nema. A ƙarshen 2016 lauyoyi suka fito kan titi da baƙaƙen rigunansu da fararen hulunan gashi, suna kukan an turo musu alƙalan da ba su san dokar da ake shari'a da ita a yankin ba, suna neman a fassara dokokin kasuwanci na OHADA zuwa Ingilishi. Malamai suka bi bayansu da irin wannan kuka. A Janairun 2017 gwamnati ta kama jagororinsu, ta yanke intanet a yankuna biyu masu amfani da Ingilishi na tsawon wata uku, kuma kafin shekarar ta ƙare matasa sun shiga daji da bindiga.